Wuyan Rigar Wattie

Da wani ya riƙe hannun Hedley Telfer a ranar Asabar ɗin nan ya ce masa ya ajiye soson, da an huta. Babu wanda ya riƙe shi, domin abin da ya tashi yi abu ne da kowane magidanci a kwarin yake yi idan sanyi ya fara leƙowa, kuma ya yi shi yadda ake yi, bai kuskure ko ɗaya ba. Ta nan ɓarnar ta shigo.

Nessa, 'yarsa tilo, ta dawo daga makarantar koyon jinya ta Newcastle tun lokacin haihuwar tumaki, ba ta ƙarasa shekarar farko ba. Ta dawo da akwati ɗaya da tukunyar furen da ya bushe, ta hau bene, ta rufe ƙofa. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba da magani, ya ce a yi haƙuri. Lokacin zafi ya zo ya wuce, aka yanki ciyawa aka ɗaure, ba ta taka ko bakin titi ba.

Hedley direban tankar madara ne. Yana fita tun gari bai waye ba, ya dawo da rana tsaka, kuma kafin ya cire takalmi sai ya ɗaga kai ya dubi labulen tagarta. Ya kai mata shayi, ya kai mata biredi da cuku, sannan ya tsaya a bayan ƙofa yana sauraron ko tana motsi. Matarsa Lorna, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi, takan leƙo daga ƙasan matakala ta ce, "Hedley, numfashinka har ta cikin katako ana jin sa. Sauko."

Ana cikin haka sai Elspeth Dodd, tsohuwar da ke gidan ƙarshen layi, ta zame a bakin rumbun gawayinta ta karya ƙugu. Aka tafi da ita asibiti, aka bar karnukanta biyu. Akwai Tib, 'yar ƙaramar karya mai tsiwa, wadda ko ɓarawo za ta bi in dai yana da biskit. Akwai kuma Moss, tsohon karen kiwo, idanunsa sun yi fari fat, kunnensa ya yi nauyi. Moss karen Wattie ne, mijin Elspeth. Tun da Wattie ya rasu, karen ba ya bin mutum, rigar ruwan maigidansa yake bi: tsohuwar riga ta auduga mai kauri, irin wadda ake shafe ta da kaki kamar na zuma don kada ruwa ya ratsa. Elspeth kan saka ta, karen ya jingina kafaɗarsa da gwiwarta, hancinsa a bakin aljihun hagu, su yi tafiyarsu.

Ana ɗora Elspeth a motar asibiti ta kamo hannun Lorna. "Ki ce wa Nessa ta duba min su. Ba Hedley ba. Shi hular sanyi zai sa wa karen."

Lorna ta hau ta faɗa ta bayan ƙofa, ba ta sa rai da komai ba. Washegari da safe sai suka tarar da ƙofar ɗakin a buɗe.

Rigar Wattie ta yi wa Nessa yawa ta kowace fuska. Ta sauko mata har ƙwauri, sai ta nannaɗe hannuwan, in kuma ta tayar da wuyan, idanunta kaɗai ake gani. Wataƙila abin da ya sa ta iya fita ke nan: mutanen layi suna gaida rigar Wattie, ba sa tambayar yarinyar da ke ciki labarin makaranta. Karnukan suna kwana a gidan Elspeth, tunda Moss da hanci ya haddace tsakar gidan, ba zai iya koyon wani ba. Safe da la'asar Nessa takan je ta ɗauko su, su gangara gada, su bi gefen rafi, su dawo. Ta fara cin abinci a ƙasa. Wata rana har ta yi dariya tana ba da labarin yadda Tib ta faɗa kwata garin bin agwagwa. Hedley ya tashi ya shiga bayan gida ya buɗe famfo, ya daɗe a ciki.

Amma shi mutum ne da idonsa ba ya sauka sai a kan abin da zai ɓaci. Ya lura duk ranar da aka yi ruwa, kuma a kwarin nan ranar da ba a yi ba ita ce labari, in Nessa ta cire rigar, kafaɗun rigar sanyinta sun jiƙe sun yi duhu. Sannan ta fara tari, ɗan ƙarami, busasshe.

"Bari in sayo miki sabuwa," ya ce.

"Wannan ta isa, Baba."

"Yoyo take yi, 'yar nan."

"Na sani. Ni nake ciki."

Lorna ta ce, ba tare da ta ɗago daga yankan albasa ba, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka bar ta."

Ya bar ta har ranar Asabar. Lorna tana wurin aiki, Nessa ta dawo daga fitar la'asar ta hau sama. Rigar tana rataye a ƙusar bayan ƙofar kicin, tana ɗiga, tana warinta da ya cika gidan: warin taba, warin ulun tumaki, da wani abu kamar tsohon buhu. Hedley ya dube ta, ya ce a ransa ai ba saye zai yi ba, gyara ne. Ya ɗauko gwangwanin kakin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Ubansa makiyayi ne, shi ya koya masa. Ba a sa wa irin rigar nan sabulu, ba a sa mata ruwan zafi, injin wanki kuwa ko a mafarki. Ya zazzage aljihunan: igiyar ɗaurin ciyawa, ɓurɓushin biskit da ya zama laka, takardun alewar minti, tokar lofe da ta kwanta a kusurwoyi. Ya juyo aljihunan ya kankare su. Ya goge jikin rigar da soso da ruwan sanyi, ya bi shafin ciki da ruwan kal mai tsami saboda fumfuna, ya shanya ta kusa da murhu har ta bushe. Ya tsoma gwangwanin a tukunyar ruwan zafi, kakin ya narke ya zama kamar mai, ya bi rigar da shi a hankali, ɗinki bayan ɗinki, ya ƙara hannu a kafaɗu da gwiwar hannu. Wuyan kaɗai ya bari, wanda aka yi da yadi mai laushi mai layi-layi, domin ba a shafa wa wuya kaki. Daga ƙarshe ya ari na'urar busar da gashin Lorna ya bi ta da iska mai ɗumi har kakin ya shige. Rigar ta yi duhu, tana sheƙi kamar bayan doki. Ya rataye ta ta kwana, yana jin daɗin kansa.

Da safiyar Lahadi ana ruwa. Nessa ta sauko, ta zura hannu ɗaya a rigar, ta tsaya. Ta kai hannun rigar hancinta.

"Baba, me ka yi mata?"

"Kaki na shafa mata. Yanzu ko a rafi kika faɗa ba abin da zai shiga."

Ta zura hannu a aljihun hagu, ta fito da shi ba komai. Ta fita.

Wani abu a yadda ta ja ƙofar ya sa ya bi bayanta, ya tsaya a jikin katangar dutsen gidan Elspeth. Tib ta fito da gudu tana tsalle. Moss ya taso daga ƙarƙashin benci, ƙafafunsa a sandare, ya zo yana kaɗa jela, ya kai hancinsa bakin aljihun hagu. Jelar ta tsaya. Ya shinshina gefen rigar, ya zagaya, ya sake dawowa aljihun. Sannan ya ja da baya, ya juya, ya koma ƙarƙashin benci ya kwanta, ya ɗora haɓarsa a ƙasa.

Nessa ta durƙusa a cikin ruwan. Ta kira shi, ta miƙa masa hannu, ta miƙa masa biskit. Ta daɗe a haka. Karen bai ɗago ba.

Da ta dawo gida ta cire rigar ta rataye a ƙusa. Hedley ya dubi kafaɗunta, ya ga sun jiƙe kamar kullum. Yadin ne ya mutu a wurin, ya tsattsage a lanƙwasa, kaki ba zai raya shi ba. Garin gyaran gira ya tsone ido, girar ma ba ta gyaru ba.

"Bai san ni ba," Nessa ta ce. "Ashe dama ba ni yake bi ba."

Ta hau sama. Ya ji ƙarar ƙofar, ba da ƙarfi ba, a hankali, irin ta watannin baya.

Litinin da Talata labulen bai motsa ba. Hedley ne ya riƙa kai wa karnukan abinci, ya zagaya da Tib. Moss yakan lasa kaɗan ya koma ƙarƙashin benci. Lorna ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta dai riƙa zuba masa shayi tana dafa kafaɗarsa, wannan kuwa ya fi masa zafi.

Ran Laraba, ranar kasuwar dabbobi, da ya ajiye tanka sai ya wuce cikin gari shagon Archie Milburn, inda ake sayar da abincin tumaki da takalman roba da rigunan ruwa. Tare suka yi firamare, benci ɗaya, kuma Archie bai taɓa barin magana ta kwana a bakinsa ba.

"Sarkin madara," in ji Archie daga bayan kanta. "Na ji labari. An ce ka yi wa Wattie wankan da bai taɓa yi ba yana raye."

"Wa ya gaya maka?"

"Mai kawo wasiƙu. Ya ce ya ga karen yana zaman makoki karo na biyu."

"Riga nake so, Archie. Wadda ta fi kowacce."

"Ta fi kowacce a me? Wadda ta fi a kan doki daban, wadda ta fi a tsayuwar harbin tsuntsaye daban. Zo nan."

Ya ja shi ƙuryar shagon, inda rigunan suke jere, korayen duhu da masu ruwan ƙasa, wurin duk ƙamshin sabon kaki. Ya zaro wata gajera. "Wannan ta masu tuƙi ce, irinka. Ka yi tafiya da ita a ruwa, duk abin da ya sauka a bayanka cinyarka zai ƙare." Ya zaro wata doguwa mai nauyi, da hula, da shafi mai kauri kamar bargo. "Wannan kuma ƙaya ba ta huda ta, iska ba ta ratsa ta. Amma ka zo tsallake katanga da ita, da igiyar kare a hannu, sai an kira maka 'yan kwana-kwana."

Hedley ya shafa doguwar. Ya matsa yadin tsakanin yatsunsa, ya duba ɗinkin kafaɗa, ya ga an ninka shi. "Wannan."

"Na san ita za ka ce. Da akwai mai rufin kwano da murhu a ciki, ita za ka ɗauka. Lamba nawa Nessa take sawa?"

Hedley ya san lokacin shan maganinta, ya san wane katako ne ke ƙara in ta taka a ɗakinta. Bai san lambar rigarta ba.

"To wane launi ta ce?"

"Ba ta ce ba."

"Ba ta ce ba, ko ba ka tambaya ba?" Archie ya dube shi ta saman tabarau, sai ya sassauta murya. "Ba za ta iya zuwa ba, ko?"

"Ba yanzu ba."

Archie ya ɗauki doguwar, ya ƙara da wata babba ta maza mai faɗin kafaɗa, sannan ya tsaya yana tunani, ya zaro wata matsakaiciya, mara ado, mara hula, wadda za ta tsaya a tsakiyar cinya. Ya nuna masa zif ɗinta mai buɗewa ta sama da ta ƙasa, da ƙananan aljihunan ƙirji na ɗumama hannu. "Mai yawo da kare kullum hannunsa ɗaya a waje yake, sai ya riƙa musanyawa." Ya ninke su duka ya tura masa. "Tafi da su gida ta gwada. Wadda ba ta so ka dawo min da ita. Kada dai ka wanke su a hanya."

Daga nan Hedley ya wuce asibiti, rigunan a bayan mota. Ya fi son a cire masa haƙori da wannan ziyarar, amma rigar mijin Elspeth ce, dole ta ji daga bakinsa. Ya tarar da Elspeth a kujera kusa da taga, an rufa mata bargo a gwiwa, tana faɗa a kan wani ɗan ƙaramin kofin shayi da ta ce ruwan wanke kwano ne. Ya zauna, ya riƙe hularsa, ya faɗa mata komai.

Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ƙugunta tana cije baki. "Kai, yaro, kada ka kashe ni. Tun ina amarya nake neman mai ƙarfin halin da zai taɓa rigar nan. Har da ruwan kal?"

"Har da shi."

"Allah sarki Wattie." Ta share ido da gefen bargon. Sai dariyar ta janye. "Yarinyar fa?"

"Ta koma ɗaki. Ta ce dama ba ita karen yake bi ba."

Elspeth ta dubi ruwan da ke gangarowa a gilashin taga. "Wuyan fa? Ka taɓa wuyan?"

"Ba a shafa wa wuya kaki."

"To ubanka bai yi asarar koyarwa ba. Gumin Wattie na shekara da shekaru yana nan a wuyan, da tabarsa. Sai dai ya yi wa karen nisa, hancinsa a gwiwa yake." Ta gyara zama. "Gaya min, in tunkiya ta haifi ɗa ya mutu, ga kuma maraya a gefe ba uwa, me ubanka yake yi?"

Hedley ya sani, ya sha riƙe fitila ana yi. "Ya feɗe mataccen, ya sa wa marayan fatar kamar riga. Uwar ta shinshina ta ji nata ne, ta bar shi ya sha."

"Sai kuma me?"

"Bayan 'yan kwanaki, in nononta ya bi jikinsa, a cire fatar. Lokacin ta riga ta san shi."

"Ba a barin ta har abada, ruɓewa take. Ni ma da na ga dama da tuni na cire, amma na ji tsoro, na yi ta yawo cikin rigar mamaci kamar dodon gona." Ta nuna shi da yatsa. "A yanke wuyan. A sa shi inda hancin karen yake kaiwa, a jikin rigar da take ta yarinyar."

"Rigar Wattie ce fa, Goggo."

"Wattie ba ya jin sanyi inda yake. Ina dai fata ba zafi yake ji ba." Ta kamo hannun rigarsa. "Amma ba kai za ka yanke ba. Ka ji ni, yaro? Ka ajiye mata almakashi, ka zuba hannuwanka a aljihu, ka bar su can."

Da ya isa gida ya shimfiɗa rigunan uku a kan kujerun kicin, ya ajiye almakashin Lorna a kan tebur. Ya hau sama ya ƙwanƙwasa sau ɗaya.

"Nessa. Na yi ɓarna, ban tambaye ki ba. Ki yi haƙuri." Ya gaya mata abin da Elspeth ta ce, da maganar fatar ɗan tunkiya, bai ƙara gishiri ba. "Akwai riguna a kicin, Archie ya ba da a gwada. In ba wadda ta yi miki, gobe in mayar. In ba kya son gani ma, shi ke nan."

Ƙafafunsa suka so su tsaya a wurin da suka saba. Ya tilasta musu suka sauka. Ya zauna a tebur, Lorna tana feraye dankali, shi yana juya cokali a kofin da babu sukari a ciki. Shayin ya huce. Ya haɗa wani, shi ma ya huce. Dankalin ya dahu. Sai katakon saman matakala ya yi ƙara.

Ta sauko da safa a ƙafa, gashinta a hargitse, ba ta dubi kowa ba. Ta fara da babbar ta maza. Ta shige ciki ta ɓace, ta tayar da wuyan har hanci, ta tsaya a haka. Hedley ya ce a ransa ita za ta ɗauka, kuma bai san ko ya yi murna ko ya yi baƙin ciki ba. Sai ta tsuguna, kamar yadda take yi a gaban Moss. Rigar ta taru a ƙasa, aljihun ya kwanta a kan tayil. Ta miƙe ta cire.

Ta saka doguwar mai hula. Ta yi ƙoƙarin tsugunawa, rigar ta ƙi lanƙwasuwa, ta tura ta baya har sai da ta dafa firji.

"Wannan zaɓinka ne, Baba."

"Ya aka yi kika sani?"

"Tanti ce."

Lorna ta juya baya tana motsa tukunyar da ba ta bukatar motsi, kafaɗunta suna rawa.

Ta uku ta zauna mata daidai. Hannuwan sun tsaya a wuyan hannunta ba sai an nannaɗe ba, fuskarta duk a waje. Ta ja zif ɗin ƙasa sama kaɗan, ta tsuguna, ta miƙe, ta sake tsugunawa. Ta ɗaga ƙafa kamar mai tsallake katanga. Sannan ta sauke hannun hagu ta auna bakin aljihun da gwiwarta, ta ɗan karkata, tana lissafin tsayin kare.

"Ba ta da hula," Hedley ya fara. "In iska ta taso daga..."

Lorna ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ina da hula, Baba. Guda nawa ka saya min bara?"

Ta sauko da rigar Wattie daga ƙusa, ta shimfiɗa ta a tebur. Ta daɗe tana riƙe da almakashin. Hedley ya zura hannuwansa a aljihun wando, ya damƙe makullin tanka har ya yi masa shaida a tafi. Ta bi zaren ɗinkin a hankali, ba ta yanki yadin ba, har wuyan ya fita gaba ɗaya, ya yi baƙi a lanƙwasa, ya yi sulɓi saboda tsufa. Ta ninka shi biyu, ta ɗinke shi a cikin aljihun hagu na sabuwar, ta bar gefensa ya leƙo waje kaɗan. Ɗinkin manya-manya ta yi, irin wanda ake warwarewa da ja ɗaya. Da ita a jikinta ta ci abincin yamma.

Ran Alhamis da la'asar ruwa yana sauka a karkace, tsaunin ya ɓace cikin hazo. Nessa ta sa hular ulu, ta ɗauki igiyoyin. Hedley ya riga ya cika fulas da shayi, ya ɗauko laima, ya sa takalmin roba ƙafa ɗaya.

"Ina zuwa?" in ji Lorna.

"Bakin ƙofa kawai."

"To bakin ƙofa ba ya bukatar fulas."

Ya ajiye. Daga ƙofar gidansu ana hango tsakar gidan Elspeth ta saman katanga, in mutum ya yi ɗage. Ya yi ɗage.

Tib ta yi tsallenta. Moss bai taso ba. Nessa ta je ta tsuguna a gaban bencin, ta juya masa gefen hagu, ba ta kira shi ba, ba ta miƙa hannu ba. Ruwan yana taruwa a kafaɗunta ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa. Can sai kan karen ya fito. Ya shinshina gefen rigar, sabon kakin ya shige masa hanci, ya yi atishawa, ya ja baya. Nessa ba ta motsa ba. Karen ya sake matsowa, ya bi gefen rigar har ya kai bakin aljihun, ya tura hancinsa ciki gaba ɗaya, ya tsaya a haka. Daga nan ya zaro hancin ya kai shi wuyan hannunta, inda fatarta take a waje, ya koma aljihun, ya sake komawa hannun. Jelar ta kaɗa sau ɗaya.

Ta miƙe a hankali. Ya taso ya jingina kafaɗarsa da gwiwarta. Suka fita ta ƙofar katako, suka gangara wajen gada, Tib tana gaba tana jan igiya kamar ita ce mai unguwa. Hedley ya bi su da ido har hazon ya rufe su, bai lura ƙafarsa ɗaya da safa take tsaye a cikin ruwa ba.

Da ta dawo ta cire rigar ta rataye a ƙusa, kusa da ta Wattie mara wuya. Idonsa ya tafi kafaɗunta da kansa. A bushe suke. Ya haɗiye maganar.

"A gada ya tsaya," ta ce tana cire hula. "Ya ƙi wucewa. Na bar shi, muka juyo."

"To."

"Gobe mu gani."

"Shayi?"

"Da madara sosai."

An ce za a sallamo Elspeth kafin Kirsimeti, da sandar dogarawa. Wuyan yana nan a aljihu, zaren bai motsa ba. Babu wanda ya san ko Moss zai bi Nessa ranar da ta ja zaren nan, kuma babu wanda ya san ko za ta ci gaba da fita in karnukan suka daina bukatarta. Hedley bai sani ba, kuma har yanzu bai tambaye ta ba.